Turanci a Garken Baffa

Taura, 4 ga Janairu

Hamma Ashafa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibanka? Ina gaida matarka, Anti Mahbuba.

Takardarka ta iso, kuma na gaji. Kalma ɗaya, get, amma ka jero mini ita kashi talatin! Get up, get over, get along, kowace da jelarta da ma'anarta daban. In haddace da safe, kafin in gama tatsa sun gudu. Sau biyu Turanci yana kayar da ni, kuma Baffa ya ce wannan ce jarrabawar ƙarshe. In na faɗi, in manta da makarantar ungozoma. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Hauwa'u

Limawa, Dutse, 11 ga Janairu

Hauwa'u,

Wa'alaikis salam. Ke da kike gane shanun Baffa talatin da kukansu kawai, kalmomi talatin ne za su gagare ki? Ki raba musu, kowace saniya ɗaya. Ki daina cika ni da ƙorafi, na aji ya ishe ni.

A gaida Baffa da Inna.

Ashafa

Taura, 20 ga Mayu

Hamma,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ka ja mini!

Na bi shawararka. Malalaciyar nan mai kwanciya ita ce Get up. Mai tsallake shinge, Get over. Jar karsanar da ke yawan ɓacewa, Get away. Kullum da dusa da kanwa a hannuna nake kiransu, har komai ya zauna mini daram. Jiya na rubuta jarrabawa, ina ganin tambaya sai in ga fuskar saniya.

To amma yanzu sun daina amsa sunayensu na gado. Ran Juma'a Baffa ya kira jar karsana sau uku a gaban baƙi, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ce Get away a hankali, sai ga ta a guje! Tun ranar gyaran murya kawai yake yi in na gaishe shi. Ya ce wa Inna tunda ni kaɗai shanu ke ji, ina zan tafi in bar su? Ka ga ko na ci, ina nan ke nan. Kai ka ƙulla, sai ka zo ka kwance.

Hauwa'u

Taura, 2 ga Oktoba

Ashafa,

Ni ne mahaifinka, Malam Arzika ke rubuta mini. Muna lafiya.

Ƙanwarka ta ci. Na kai ta mota da kaina ran Litinin, kayanta ma ni na ɗaukar mata. Tun ranar nake tsaye a garke kamar baƙo. Ka aiko mini da takardar nan taka ta banza mai kalmomi talatin, amma da ajami, da manyan baƙaƙe. Malalaciyar tana kwance tun hantsi, kuma na manta yadda ake ce mata ta tashi.

Allah ya shirye ku, ku biyun.

Baffa