Inna tana tambayata ko tatsuniya ce

Daga Admin: Wata 'yar uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A ba ta amsa da ladabi.

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun kafin in fara ina roƙon arziki, wanda ya san zagi zai yi ko ya kafirta min uwa ya wuce abinsa. Ni ba yarinya ba ce, na aurar da ɗiya na ga jika, kuma abin da ke raina ya ishe ni ba sai an ƙara min ba.

Mu mutanen Argungu ne, Babanmu masunci ne, Allah ya ji ƙansa. Innarmu kuwa daga ƙasar Zuru ya auro ta, can yake kai bandar kifi kasuwa sunka haɗu. Gidan Kirista ta tashi har ta ɗan taɓa makarantar mishan, ta musulunta ta biyo shi, danginta sunka yanke ta kamar ba su taɓa haihuwarta ba. Lokacin duk muna jihar Sakkwato, ba a ko yi zancen Kebbi ba. Mu uku ta haifa, Yayana namiji, sai ni, sai autarmu Kulu. Kuma wallahi tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta bar salla ba, azumi kuwa har na nafila.

Abu ɗaya ne ta taho da shi daga gidansu, labarai. In tana bandar kifi da hantsi hayaƙi na cin idonta, sai ta zaunar da mu tana ba mu labarin wasu masunta da sunka wahala cikin ruwa ba su kama ko ƙarfasa ɗaya ba, Annabi Isa ya ce su sake jefa taru, ya cika har yana neman yagewa. Akwai na wata yarinya da ta mutu ya kama hannunta ta tashi ta ci abinci. Akwai kuma wanda ke sa ta hawaye in ta zo ƙarshe, na yadda anka kama shi anka gicciye shi, ya tashi daga kabari. Mu dai daɗi muke ji, ɗiyan masunta an ce taru ya cika, mi ya fi wannan? Ba mu san daga littafin Kiristoci ta ɗauko su ba.

To a wurinmu ba a yin tatsuniya da rana. Tsofaffi sun ce macen da ta yi wa ɗiya tatsuniya rana na sama, ɗayansu zai ɓace. 'Yan zamani za ku yi dariya, amma a lokacin nan ko "ga ta nan" yaro ya ce da hantsi sai an buge masa baki. Inna ta san wannan sarai, tatsuniyoyin gargajiya sai an ci tuwon dare take yi mana. Waɗannan labaran ne kawai take ba mu da rana. Gwaggonmu, yayar Baba, ta yi mata kashedi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, Inna sai ta yi murmushi ta ci gaba da juya kifinta.

Wata damina ruwa ya yi ƙarfi, gulbi ya haura ya shafe fadama har kusa da gidaje. Kulu ko firamare ba ta shiga ba tukun. Ta bi wasu mata da za su wanki, su sun ɗauka ta koma gida, mu mun ɗauka tana wurinsu. Baba da abokan sana'arsa sunka bi ruwa da jirage har wajen Birnin Kebbi, mutanen Zauro ma sun taya su dubawa cikin gonakin shinkafa. Masuntanmu da ke tsamo gawar baƙo in ruwa ya ci shi, sunka kasa tsamo ɗiyarsu. Ko ɗankwalinta ba a gani ba. Har yau ba mu da kabarin Kulu.

Ana zaman jaje Gwaggo ta tashi cikin mata ta ce ai ta faɗa, ga abin da tatsuniyar rana ta jawo. Inna da ba ta buɗe baki ba tun ranar, ta ɗago kai ta ce, "Ni ba tatsuniya na yi musu ba. Abin da ya faru ne, a rubuce yake." Don ta wanke kanta ta faɗa, ashe gudun gara ta yi ta faɗa gidan zago. Nan take anka ce a rubuce a ina? Magana ta bar cikin gida ta kai zaure. Ƙanen kakanmu da yake malami ne, shi da sauran maza sunka zaunar da Baba, sunka ce matarsa har yanzu zuciyarta na coci, tana ɗura wa ɗiyansa abin da ta ce ta baro. Sunka ba ta zaɓi, ko ta faɗa gaban kowa cewa labaran nan tatsuniya ce, ko ta koma Zuru ta bar mu, Zurun da ba mai buɗe mata ƙofa. Baba ya bar musu hukunci, kansa na ƙasa. Inna ta dube ni, ta dubi Yaya, ta ce tatsuniya ce. Gwaggo ta ce, "Awo, kin hwaɗi da bakinki, ke kika ɓad da ɗiyar ga." Daga ranar Inna ba ta ƙara ba mu labari ba, na rana ko na dare, jikokinta ma in sun roƙa sai ta ce ba ta iya ba.

Yanzu tana wurina a Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi. Hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, hankalin ma yana zuwa yana tafiya, amma in na yi mata alwala tana sallarta da ishara. Sai ga labaran sun dawo. Tana kwance tana ba bango labarin masunta, muryar nan tata ta da, ni ina tsakar gida ina shanya ina kuka. In na shiga sai ta riƙe min zane da hannun mai lafiya ta ce, "Ke kin yi boko, gaya min, tatsuniya ce ko ya faru?" Na ce mata Inna wancan zancen camfi ne, ruwa ne ya ci Kulu, kwananta ne ya ƙare, labari ba ya ɓatar da yaro. Na faɗa har bakina ya gaji, ba ta ji. Ita a ranta magana ɗaya ce, in tatsuniya ce ita ta ɓatar da ɗiyarta, in kuwa ya faru ne ba ta da laifi.

Kada ku ce ban nemi sani ba, na nema. Malamin Islamiyyarmu ya ce a cikin littafin Kiristocin akwai abin da ya dace da namu, kamar tayar da matattu da izinin Allah, akwai wanda ba mu gaskata ba mu ƙaryata, akwai kuma wanda addininmu ya ce ba haka anka yi ba. Wata abokiyar aikina Kirista da muke koyarwa tare ta ce duka tarihi ne, ita a kansa za ta mutu. Ɗana da ke jami'a ya ce Mama ai masana ma gardama suke yi, wasu garuruwa da sarakunan da ke ciki an tabbatar da su, wasu abubuwan kuma sai dai imani. To don girman Allah tsohuwar da ba ta gane safe da yamma zan zauna in yi wa wannan bayani?

Duk da haka na gwada. Na ce Inna wasu sun faru, na yarinyar nan da ta tashi ma muna da irinsa a wurinmu. Ta yi shiru, na ce alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Can sai ta ce, "Wanda na ba ku da safen da ta fita fa?" Jama'a, ina wurin, na tuna sarai. Na gicciyewar ne. Shi ne kuma wanda ba zan iya cewa ya faru ba in zauna lafiya da imanina.

Yaya ya zo daga Argungu na gaya masa, sai ya hau ni da faɗa. Ya ce in na kuskura na ce mata gaskiya ne ta cika a kan haka, ni na tura uwarmu wuta da hannuna, kuma shi ba zai tsaya a sahun jana'izarta ba. Wai in ce mata tatsuniya ce kawai in laƙana mata kalmar shahada a wuce wurin. Na ce to bismilla, kai ne babba, shiga ka gaya mata. Ya shiga ya daɗe, ya fito ido jajur, bai iya ba. Munka rabu baram-baram. Kuma ban ga laifinsa duka ba, abin da yake tsoro ni ma shi nake tsoro, har ba na iya cin abinci. Sai dai shi ya hau mota ya koma, ni ce ke wanke ta, ni take riƙe wa zane.

Wancan satin likita ya ce mu dawo da ita gida mu ci gaba da addu'a, kun dai san ma'anar wannan. Jiya na kai mata kunu ta sake tambayata. Na ce Inna sha tukuna kada ya huce. Ta dube ni ta daɗe, ta saki zanena, ta juya fuskarta bango ta ce, "Shi ke nan, ke ma kin san ni ce." Ba ta sha kunun ba, yau ma ba ta karɓi komai daga hannuna ba.

Na ɗauka in na yi shiru na tsira, ashe ita ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Malamai da ke cikin gurup ɗin nan, da iyaye mata, da ma 'yan uwa Kiristoci in akwai mai tausayi, don Allah ku taimake ni. In ce mata ya faru, in ɗauki nauyin maganar da ban yi imani da ita ba, wataƙila ta tafi a kanta? Ko in ce tatsuniya ce, uwata ta bar duniya tana ganin ita ta kashe ɗiyarta? Kada ku ce min in yi haƙuri in jira, lokacin ne babu. Ku gaya min kalmar da zan shiga ɗakin nan in faɗa mata.