A Maido Mini Da Kanwata

Zuwa ga Shugaban masu duba abinci a kasuwar ƙauyenmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce Hajja Asabe, mai sayar da kisra, wainar dawar nan fale-fale, da miyar kuɓewa a gindin darbejiya, shekara goma sha tara ke nan.

Na farko. Ran kasuwar da ta wuce, sabon mufattishinku, wato jami'inku mai zagayen duba abinci, ya zo da wani littafin kimiyya mai kauri kamar bulo. Sai da ya share kwano biyu kafin ya hangi kanwata, wadda Larabawa ke kira atrun. Ya buɗe littafin, ya karanta da ƙarfi cewa sunanta karbonat sodiyam, da ita ake yin gilashi da sabulu, kuma tana ɓata ido. Ya tattara ta duka ya tafi.

Na biyu. Tun ranar, leburorin hawasha, wato gonakin ban-ruwa, da ke ci a wurina sun koma layin masu ful, dafaffen waken nan. Ana cewa Hajja Asabe gilashi take dafawa. Miyar da na gwada babu kanwa ta ƙi yauƙi, maigidana ya ci loma uku ya ce azumi zai kama.

Na uku. Mufattishin ya manta littafin a kan bencina. Na kai wa Ustaz Hamidu, tsohon malamin kimiyya da ya dawo daga garin Rufa'a. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya nuna mini shafin gishiri, shi ma da dogon suna da gargaɗinsa. Ya ce ba don tukunyar miya aka rubuta littafin ba. Ni kuwa tunda nake, ban taɓa zuba wa kowa kanwa a ido ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: a maido mini da kanwata, littafinku na nan na adana shi. Mufattish kuma ya zo ran kasuwa ya ci kwano ɗaya a gaban jama'a. Idan kun nace guba ce, a fara bincike daga gidansu, domin mahaifiyarsa a wurina take ɗibar kanwa duk Juma'a.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ma'aikatanka haƙurin karanta shafi har ƙarshe.

Wassalam,
Hajja Asabe mai kisra