Filin da Na Bari Tsirara

Baba,

Ina gaishe ku daga ƙasar Sifen. Ya Mama? Tumaki sun sauko daga tsauni lafiya? Ni ƙalau nake, zafi ne kawai ke hana ni cin abinci. Kada Mama ta ji.

Yaya Hrafnkell ya ce ka zuba ruɓaɓɓiyar ciyawa da kashin tumaki a filin baƙin yashin da na killace. Wai cewa ka yi manomin Aisland ba ya ganin ƙasa tsirara ya wuce. Baba, da gangan na bar shi haka. Da shi nake auna yadda iska ke kwashe ƙasa. Binciken digirina ka binne a takin nan.

Busasshen kifin da ka aiko min ya iso. Allah ya ƙara lafiya, amma ban huce ba.

Wai wurin ya yi kore shar? Ka turo hoto.

'Yarka,
Steinunn