Rasuwar Dokta Jibrilla Idris, Likitan Idon Sawu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai kowa Mai komai, Ƙungiyar Masu Dashen Gaɓa ta Arewa, wadda ta haɗa mutanen Dogon Dutsi da Tibiri na ƙasar Nijar da aka sa wa gaɓar ƙarfe a idon sawu, ta samu labarin rasuwar babban majiɓincinta, Alhaji Dokta Jibrilla Idris, likitan ƙashi, ɗan asalin Sukukutane, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a Yamai bayan gajeriyar jinya, yana da shekara hamsin da takwas.

Dokta Jibrilla ya dawo daga karatu ya tarar ana dasa ƙarfen a Yamai lafiya lau, amma kafin shekara uku sai ƙarfen ya fara girgiɗi cikin ƙashi, musamman a ƙafar hagu. Wannan abu ya hana shi sakat. Mu kuwa ba mu taimake shi ba, domin duk wanda likitan ya tambaya ya jiki, sai ya ce da sauƙi, ko da ƙafar ta kumbura kamar tulu. Da ya gane halinmu sai ya daina tambaya. Kowane wata yakan zo Dogon Dutsi, ya sa a share rairayi, ya ce mu taka ba takalmi, ya duƙa yana duba sawunmu yadda ya koya wajen mahaifinsa makiyayi. Ni mai wannan rubutu, tsohon malamin makaranta da furfurata, ya taɓa kama ni da ƙarya a haka, ya ce bakina ya warke amma ƙafata ba ta ji labari ba.

Dalilin girgiɗin a masallaci ya gano shi. An hana mu ɗora nauyi a kan ƙafa, mun daina tafiya kamar yadda aka ce, amma sau biyar a yini muna lanƙwasa ta hagu mu zauna a kanta wajen tahiya, kuma ba wanda ya ga dalilin faɗa wa likita. Marigayin ya bi malamai gida gida, na ɗariƙa da matasan masu wa'azi, har suka yarda mai dashe ya yi salla a kujera sai ƙashi ya kama ƙarfe. Mun daɗe ba mu ga sun haɗu a kan magana ɗaya da sauri haka ba. Sannan ya koma zaɓen ƙarfe mai kaushin baya da ƙashi ke iya mannewa, ya gyara yadda ake zaunar da shi domin ƙafar da za ta tsuguna, ta bi shanu cikin yashi. Da yawanmu mun haura shekara bakwai ba girgiɗi.

Ba za mu ɓoye ba, rasuwar nan ta girgiza mu, kuma ba wanda ta fi bugu kamar Malam Jatau, makiyayi daga Sukukutane, wanda ƙarfensa na tun farko ya saki, kuma marigayin ya sa ranar sake masa shi ƙarshen watan nan. In aka wuce lokacin, ƙashin zai cinye, sai dai a manne gaɓar ta sandare, kiwo kuwa ya ƙare masa. Da ya ji labari ya ce shi ke nan, hannun da ya yarda da shi ya shiga ƙasa. Muna sanar da sauran 'yan ƙungiya cewa Dokta Shamsiyya Mus'ab, wadda ta shekara shida tana aiki kafaɗa da kafaɗa da marigayin, za ta yi aikin a ranar da aka sa. Ta je rugarsa a kan babur ɗin kabu-kabu jiya, ta share ƙasa da hannunta, ta duba sawunsa, ta faɗa masa inda yake masa ciwo tun bai buɗe baki ba. Malam Jatau ya amince.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Sahura, da 'ya'yansa, da masu martaba sarakunanmu, da abokan aikinsa, da al'ummar Arewa baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da dangana. Muna kuma gode wa Hajiya Sahura, wadda tana tsakar zaman makoki ta aiko mana cewa kada Malam Jatau ya nemi masauki a Yamai, a gidan marigayin zai sauka, kuma ba zai bar gidan ba sai da ƙafarsa.

Malam Nafi'u Abdurrazak
Kakakin Ƙungiyar Masu Dashen Gaɓa ta Arewa
Dogon Dutsi