Manja a Kwalbar Giya

Safana

Ƙanena Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Legas? Tunda an datse mana layin waya, wani direba zai kawo maka wannan.

Saƙonka ya iso, da tashin hankali a cikinsa. Malam Najib, wanda ya ba mu ɗaki tun da muka gudo daga Ruma, ya ɗauki kwalbar manjan da ka aiko yana yaba kyanta. Yana karanta rubutun jikinta sai ya saki salati. Wai kwalbar giya ce! Giya, Sagiru? Ba gidan kifi ka ce kake aiki ba? Inna ta zauna daɓas. Tun ranar ba ta taɓa ko ƙwayar shinkafar da ka haɗo da shi ba, sai ɗan kunun maƙwabta, ga jikin nata ka san yadda yake. Faɗa mini gaskiya, ban son kwana-kwana.

Yayarka, Turai

Legas

Yaya Turai,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ki duƙa ki gaishe mini da Inna.

Wallahi gidan kifi ne, ɗan ƙarami cikin unguwa. Aikina ɓare kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu. In buɗe da wuƙa, masu saye su matsa lemun tsami su zuƙe ta ɗanya, da ranta! Ranar farko sai da na yi amai. Giyar inabi kuwa ana sayarwa, matar da ke da gidan har alfahari take wai ba a gauraya ta da komai ba. Ni ban taɓa zuba wa kowa ba. Kwalaben na gani za a zubar, masu kauri, na ce asara ce, a gida ai nema muke. Na wanke su tas da ruwan zafi.

Amma in Inna ba za ta ci gumina ba, zaman me nake? Ƙarshen wata zan ajiye aiki, in koma Ruma in nome gonar Baba.

Ku huta lafiya. Ƙanenki, Sagiru

Safana

Sagiru,

Salamu alaikum. Ka haukace ne? Gonar da aka harbe Baba a cikinta? Yau wa ke wuce Batsari da fartanya a kafaɗa? Na karanta wa Inna takardarka, sai ta tashi ta hura wuta da kanta. Ga abin da ta ce in rubuta:

"Ɗan nan, na dafa shinkafarka, na zuba manjan, na ci har na ƙoshi. Abin da ke ciki tsakanina da Ubangijina ne. Ka nemi wani aikin a can in ka samu. Amma ban yafe ba in ka tako Ruma."

Allah Ya tsare. Turai