Shuɗin da Ya Koma Tsatsa

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san takardar nan ba inda za ta, ba kuma mai karanta maka ita a inda kake.

“Kafin ruwan farko ya sauka, da ƙafata zan je karofi in faɗa wa marina cewa laifina ne, ba na Yaya Tanimu ba.” Haka ka ce mini, kana riƙe da butar alwala. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka girbe, wata daminar ta sake zagayowa. Ƙafar nan taka ta kai ka Zariya, ta kai ka biki Ikara, amma karofin da ke bayan gidanmu ya yi mata nisa. Sai a kan makara ka bi ta gabansa.

Ga labarin gida. An fara saran rake, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya rufe Kudan. Bintarmu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Ban hana ba, ban kuma yi guɗa ba. Rumbun yamma ya tsage.

Yaya Tanimu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, yanzu dakon rake yake yi wa yaran da ya girmi iyayensu. Mutumin da ya shekara talatin yana rini, har shuni ya fita daga faratansa. Ka san wa ya yi maka wanka? Shi ne. Shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Da ya zo mini gaisuwa, cewa ya yi ya rasa suruki na kirki. Na sunkuyar da kai, mata suka ɗauka kukan rashinka nake yi.

Ina tuna ranar da ka dawo daga aikin Baturen nan mai gwajin ƙasar noma, da kwalabe biyu da littafinka na rubutu. Ɗaya gishiri ne mai ruwan ɗorawa, ɗaya ruwan ƙarfe. Ka ɗiga wannan cikin wancan a tasa, sai ga shuɗi ya tashi kamar an yanko sama. Na yi salati. Ka ce da shi Baturen yake gane ko akwai ƙarfe a ƙasa, danginsa ne bular da ake sa wa farin kaya, da shi ake yin takardar zanen gini da ake shanyawa a rana. Har ka ce gishirin yana kama maganin da aka tatso daga ɓawon itace ya kwantar da shi a gindin kwalba. Na karance littafin nan kaf, tunda kai ka koya mini boko a kan karatun da mahaifina ya ba ni. Ba inda Baturen ya ce a yaudari mata da shi. Wannan babin kai ka ƙara.

Sai ka riƙa kai wa Yaya farin saƙi ya tsoma maka sau ɗaya, ka ce mai haske kake so. Ka dawo da shi bayan ɗaki ka turmuza a shuɗinka, ya yi duhu kamar ya kwana bakwai yana shiga baba. Ka kai mabuga, ka kai kasuwar Maƙarfi, duk wanda ya tambaya ka ce rinin Tanimu ne. Ƙarya ka yi? A'a, kai malami ne, ka iya zaɓen rabin gaskiyar da za ta yi maka aikin ƙarya.

To, ga nawa, wanda ban taɓa faɗa maka ba. Na riga ka sani. Zanen farko da ka ba ni, na wanke shi da ruwan toka da sabulun salo kamar yadda kowace mace take yi. Ina kallo shuɗin ya gudu, ya bar ja-ja kamar tsatsar tsohuwar fartanya. Ni 'yar marina ce, Malam. A bakin rami na yi rarrafe. Na san shunin baba ba ya tsoron toka, da toka ma ake tashinsa. Nan take na gane abin da zai faru a kowane gida. Me na yi? Na cusa zanen a ƙarƙashin gado. Na ci gaba da ɗaukar zannuwanka ina shiga gidaje a Likoro da Gazara, ina ce wa mata rini mai daraja ba ya son sabulu, a ɗauraye shi kawai. Sun yarda da ni saboda ƙanwar Tanimu ce ke magana. Kai sunansa ka ara. Ni jininsa na sayar.

Don me? Don ina son a ce matar Malam ce, wanda ya san sirrin Turawa. Ina son yadda mata ke matsa mini tabarma. Iyakarta ke nan, na duba ban sami wani dalilin da ya fi wannan kyau ba.

Da zannuwa suka fara dawowa, ka yi wata biyu kana dafa bagaruwa da ɓawon marke da ƙaro, wai za ka ɗaure shuɗin ya daina gudu. Duk na gani a littafin: gwaji na tara, ya zuba, gwaji na goma, ya zuba. Ko layi ɗaya ba ka rubuta a kan Yaya ba. A lokacin nan ne Sarkin Marina ya tara marina, aka baje zannuwan a gabansa, aka ce ramin Tanimu ya lalace ko kuwa ha'inci ya shiga. Yaya ya rantse. Ya ɗebo ruwan raminsa ya ce a gwada. Ba wanda ya gwada, aka cike ramin da ƙasa. Da yamma ya zo nan, na ba shi fura, ya tambaye ni ko na san wani mai jin haushinsa. Na ce sai dai a yi addu'a.

Na yi fushi da kai har na gaji. Kullum na ɗaga murya a zuci, sai in ji ana tambayata: ke fa? Kai ka yi alkawari ka karya. Ni ko alkawarin ban yi ba, na zauna ina jiran ka wanke mu mu biyu.

Malamai sun ce a ambaci mamaci da alheri. Na yi ta juya maganar. Ban ga alherin da zan yi maka ba wanda ya wuce in sauke maka haƙƙin mutum tun mai haƙƙin yana da ran da zai yafe.

Kwana goma sha tara suka rage mini in fita takaba. Su ne suka rage wa sunanka a garin nan yadda ka bar shi, sai ka more su. Ranar da na fita, kafin in gaida kowa, zan ɗauki kwalaben da farin ƙyalle da ƙwaryar ruwan toka in tafi karofi. A gaban Sarkin Marina zan rina, a gabansa zan wanke, su gani da idonsu. Da sunana zan fara, sannan naka. Daga nan in nemi Yaya a gonar rake in durƙusa. In ya ɗaga ni, to. In ya juya mini baya, ya yi daidai. Washegari da safe zan koma da fartanya in fara tone masa raminsa.

Allah Ya ji ƙanka, Ya sa kada a tambaye ka kafin in isa.

Ni ce matarka,
Hajara, ƙanwar Tanimu marini