Lallen Inna da Farin Labule

Dogon Dutsi, 14 ga Ramadan

Zuwa ga maigidana, Baban Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ibada, ya aiki, ya zafin daji? Kausar tana gaishe ka, kullum ta ji ƙarar mota sai ta ruga ƙofa. Tunda waya ba ta kamawa a wurin haƙar man nan naku, ga takarda ta hannun Jibo direba.

Ranar Talata aka kawo Inna daga Kore Mairuwa, ƙafafunta a kumbure, numfashi da ƙyar. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya ja kunnena a kan zafi. Ka san bazarar Dutsi, ga wutar gari ta koma baƙuwa. Kwana biyu ina yi mata fifita har kafaɗata ta sage, mahaifiyarka ba ta runtsa ba.

To, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na buɗe ɗakin wasan golf ɗinka na shimfiɗa mata katifa. Duk gidan nan shi kaɗai ke da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, mai aiki da sola.

Ban manta da komai ba. Na san farin labulen nan da majigi ke haska filin wasa a kansa, wanda ke tare ƙwallo in ka doka, wata huɗu ka yi kana jiran isowarsa daga waje. Na san ba a shiga da takalmi, ba a turare, kuma kowace ƙwallo sai an wanke ta an tsane, don jar ƙasarmu ba ta barin fari. Ban kuma manta da bara ba, da Kausar ta taɓa gefensa da hannun manja. Mako uku na yi a gidanmu a Kiyeshe, kuma a gaban Baba ka ce in aka kuma, babu biko. Maganar tana kunnena har yau.

Saboda haka na haɗa zannuwana uku na ɗinke, na ɗaura igiya daga bango zuwa bango na rataye su a gabansa. Katifar tana can bakin ƙofa. Kaskon turarenta na ɓoye shi, gwangwanin tofar da goro kuwa da kaina nake riƙe mata. In zan shiga da kunu, takawa nake kamar mai ɗauke da ƙwai.

Jiya ta tambaye ni abin da nake ɓoyewa bayan zannuwa. Da na yi mata bayani, ta yi dariya har da tari, wai ashe yaron nan duk bokonsa ya ƙare a dukan tsumma da sanda. Har yanzu “yaron nan” kake. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba ko da ciwo.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma tana barci yanzu. Ka yi mata addu'a.

Matarka,
Hindatu

Dogon Dutsi, 28 ga Ramadan

Baban Kausar,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso, layi biyu: a mai da Inna falo, a kulle ɗakin. Ban ga laifinka sosai ba, ba ka ga yadda ƙirjinta ke hawa da sauka ba. Na yi niyyar bin umarninka bayan Sallah. Ban kai ba.

Shekaranjiya ta tashi da ɗan ƙarfi, ta ce a kwaɓa mata lalle. Na roƙe ta, na ce ta bari ta warke. Ta ce tun tana budurwa Sallah ba ta taɓa iske ta da farin hannu kamar namiji ba, kuma ba a wannan shekarar za ta fara ba. Har zungurunta ta sa aka ciro daga ƙullin kayanta, wai leda ta 'yan zamani ce. Yaya zan yi da surukata? Na kwaɓa, na shafa mata, na zura hannun a zunguru, na shimfiɗa buhu a ƙasa. Na ce kada ta motsa sai na dawo daga madafa.

Ina cikin tace kamu aka kira azahar. Ita kuwa ta zare hannu don ta yi alwala, ta miƙe ba ta kira kowa ba. Jiri ya ɗebe ta. Ta yi tangaɗi ta nufi abin da ta ɗauka bango ne, ta damƙi zannuwan, igiya ta tsinke. Da na shigo a guje, na iske ta a tsaye, hannunta na dama dafe da labulenka. Shi ya tare ta ba ta kai ƙasa ba.

Na kwantar da ita, na juya. Yatsu biyar da tafi, a tsakiya.

Daga nan hankalina ya bar jikina. Na sa ruwa da sabulu, bai tafi ba. Na tuna lemun tsami yana fid da tsatsa a farin kaya, na yanka uku na matse a kai na goga. Sai da na gama na dafe kai. Ni da nake matsa lemun tsami a lalle tun ina yarinya don ya kama! Kafin la'asar ya yi jawur, ko a hannun amarya ban taɓa ganin kamu irin wannan ba.

Na so in yi shiru har ka dawo, amma gara ka ji daga bakina. Inna ba ta da laifi, ni na buɗe ɗakin, ni na kwaɓa lallen. Kuma ba zan fid da ita ba, jikin ya ƙara tsanani tun ranar. Da na rufe ido Kiyeshe nake gani.

Barka da Sallah tun yanzu.

Hindatu

Dogon Dutsi, 9 ga Shawwal

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ka dangana. Na san saƙon ya same ka a makare, an ce sai Juma'a za ka iso. Jibo zai tare ka da wannan a hanya, don akwai abin da bakina ba zai iya faɗa a gabanka ba.

Fadila maƙwabciyarmu ta kawo mini ruwan jabel, mai fid da tabo a farin kaya, tun washegarin Sallah. Na ɗiga shi a wani ɗan fantsi na lallen can ƙasa, ya ɗauke shi fes. Ka ga ashe ina da hanyar tsira. Na bari sai Inna ta samu sauƙi, don warinsa zai shaƙe ta.

Kwana biyu kafin rasuwarta ta ce in yaye zannuwan. Na yaye. Ta daɗe tana kallon shatin hannunta a labulen, sannan ta tambaye ni inda yaron nan yake tsayawa in zai yi dukansa. Na je na tsaya a kan koriyar tabarmar da kake tsayawa a kai na nuna mata. Ta tambaya ko daga nan ana ganinsa sosai. Na ce nan ido yake fara sauka. Na zaci haƙuri za ta ce in ba ka. Sai kawai ta gyaɗa kai, ta ce lallen ya kama da kyau, ta juya fuska bango. Na ga hawaye a gefen idonta.

Ka sha gaya mini cewa a wurin kakarka ka tashi, ba ka san hannun Inna a kanka ba, ko ranar da za ka tafi karatu daga bayan danga ta leƙa. Ni na zauna da matan da suka yi mata wanka. Lallen yana nan a tafinta, da shi aka rufe ta.

Bayan addu'ar uku na shiga ɗakin da kwalbar jabel da tsumma. Wallahi na jiƙa tsumman, na ɗaga. Na tsaya har ya bushe a hannuna.

Na san abin da ka faɗa a gaban Baba, kuma na san ba ka mai da magana. Na haɗa akwatina da na Kausar, suna bayan ƙofa. Ɗakin na share shi, ƙwallayenka a wanke, mabuɗi yana jikin ƙofar, kwalbar tana ƙasa daga dama. In ka iso, ka shiga kai kaɗai kafin ka neme ni. In gogewa za ka yi, minti biyar ya ishe ka, labulenka zai koma fari kamar ranar da ya zo.

Ni dai na gwada, hannuna ya ƙi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Hindatu